Gaba Kura, Baya Sayaki: Idan Dabbar da Doka ta Kare Tana Shan Ƙwan Wadda Ake Son Ceto

Masu kula da namun daji sukan shiga tsaka mai wuya idan dabbar da doka ta hana a taɓa ita ce ke shanye ƙwan wata da ake ƙoƙarin ceto. A tsibirin Poilao na ƙasar Gini Bisau, inda koren kunkurun teku ya fi yin ƙwai a duk faɗin Afirka, guza kan tone rairayi ya sha ƙwan. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ta haramta fataucin kunkurun teku tsakanin ƙasashe, ta kuma taƙaita na guza.

Jigawa ba ta da teku, amma tana da guza, kuma halinsa bai sauya ba. A fadamun Haɗeja da Nguru, ciki har da Baturiya da ta shiga jerin dausayin Ramsar a 2008, abincinsa ya haɗa da ƙwan kififiya da na tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Dokar Nijeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta ba shi kariya, shi da damo. Ke nan jami'in gandun daji ba shi da ikon kashe shi, ba shi kuma da hujjar zuba ido.

Ko da doka ta yarda, kisa ba lallai ya biya buƙata ba. A gaɓar Fulorida ta Amurka an lura cewa inda aka rage dabbar rakun mai tone ramuka, ƙaguwar da take ci ta yawaita, ita ma kuwa ƙwai take sha. Kwashe ƙwan zuwa wani wuri shi ma yana da haɗari: jujjuya shi kan kashe ɗan tayi, kuma zafin rami ne ke tantance ko mace za a ƙyanƙyashe ko namiji. Shi ya sa aka fi karkata ga rufe rami da ragar waya, wadda ke tare mai tono amma 'ya'ya su iya fita.

Sai dai raga ba ta kai ga tushen matsalar. Guza ya daɗe yana shan ƙwai ba tare da ya ƙarar da kififiya ba. Abin da ya sauya shi ne muhalli. Madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Idan wurin yin ƙwai ya ƙuntata, ramuka sai su cunkushe, tono ya yi sauƙi.

A nan manazarta Hausa na da rawar takawa. Masunta da mafarauta sun san lokaci da wurin da kowace dabba ke yin ƙwai, sun kuma bambance guza da damo, kunkuru da kififiya. Tattara wannan sani a rubuce aiki ne da ya dace da Jami'ar Tarayya ta Dutse, domin ba a kare ramin da ba a san inda yake ba.