Ƙandarewar Hanta: Rayuwar Majiyyaci a Gadon Asibiti da Bayan Sallama

A ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan, inda noman rake da tumatir da masara ke riƙe da gidaje masu yawa, kwanciyar magidanci a asibiti kan taɓa gona da tukunya da kuɗin makarantar yara. Cikin cututtukan da kan kai irin waɗannan magidanta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika akwai ƙandarewar hanta.

Hantar baligi kan kai nauyin kilo ɗaya da rabi. Ita ke tace guba daga jini, ta haɗa sinadarin da ke riƙe ruwa cikin jijiyoyi, da waɗanda ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Idan cuta ta shekara da shekaru tana yi mata rauni, sai tabo ya maye gurbin naman kirki, hanta ta yi tauri, jini ya kasa ratsa ta. Daga nan ruwa ke taruwa a ciki, ƙafafu su kumbura, idanu su yi shawara. Jijiyoyin maƙoshi kan kumbura har su fashe, majiyyaci ya yi aman jini. Gubar da ba a tace ba kuwa takan hau kai, ta kawo ruɗewa.

A ƙasarmu babban sanadi shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda Baruch Blumberg ya gano alamarsa a jini a 1965. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi. Jariri tara cikin goma da suka kamu lokacin haihuwa sukan rayu da ƙwayar ba tare da wata alama ba, sai bayan shekaru ɓarnar ta bayyana. Askar da wanzami bai tsabtace ba da allurar da aka maimaita su ma hanyoyi ne. Barasa na ƙandarar da hanta, sa'annan gubar aflatoksin da fumfuna ke bari a masara da gyaɗar da aka adana da danshi tana ƙara haɗarin sankarar hanta ga mai nau'in B.

Likitoci sun lura cewa sakamakon gwajin jini kaɗai ba ya bayyana halin da majiyyaci ke ciki. Don haka a 1999 masana a Amurka suka tsara tambayoyi 29 don auna jin daɗin rayuwar mai ciwon hanta: gajiya, ƙaiƙayi, ɗaurewar tsoka, barci, da fargaba. Ga manomi, babbar tambaya ita ce ko zai iya riƙe fartanya da damina.

Abin da ke sauƙaƙa rayuwar majiyyaci yawancinsa yana hannun masu jinya. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa, domin su ke riƙe ruwa a ciki. Kada a hana shi wake da ƙwai da nono; tsokarsa na zagwanyewa, yana bukatar abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, har da ɗan abin taɓawa kafin barci. A guji magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, kuma kada a yi wa kumburarren ciki sakiya. Aman jini, baƙin bayan gida, zazzaɓi, ko sambatu, alamu ne na a koma asibiti nan take. Maganin tenofovir yana danne nau'in B, nau'in C kuwa ana warkar da shi cikin mako 12. Ana son a ɗauki hoton hanta duk wata shida.

Tun 2004 allurar rigakafin nau'in B ta shiga jerin alluran yara a Nijeriya, kuma ta farko ana son a yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa. Ɗalibi, idan aka yi haihuwa a gidanku, ka tuna wa manya kada a jira ranar suna. Malami kuwa ya fara da kansa, ya je a gwada jininsa, sa'annan ya kawo zancen cikin aji.