Hanyoyin Gane Ma'adinai ta Siffofinsu na Zahiri: Misalin Zinariya, Fairait da Kwalli

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce kama da wane ba ta wane. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa launi kaɗai bai isa shaida ba wajen gane ma'adini, sai an gwama shi da wasu siffofi. Za mu kafa hujja da ma'adinai uku: zinariya, da fairait, watau haɗin ƙarfe da farar wuta wanda ke kama da zinariya a ido, da kuma galina, watau dutsen dalma wanda muka sani da sunan kwalli.

2.0 Siffofi Huɗu

2.1 Launin gari. In aka goga ma'adini a jikin tangaran marar sheƙi, yakan bar zanen garinsa. Zanen zinariya rawaya ne kamar jikinta. Fairait kuwa, duk da rawayar jikinsa, baƙin zane yake bari mai ratsin kore. Zanen kwalli toka-toka ne mai duhu.

2.2 Tauri. A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai goma bisa ga taurinsu, daga 1 zuwa 10, ta yadda kowane zai iya karce na ƙasa da shi. A wannan ma'auni farcen mutum yana wajen 2.5, bakin wuƙa kuma wajen 5.5. Taurin zinariya 2.5 zuwa 3 ne, na kwalli 2.5, saboda haka wuƙa takan karce su cikin sauƙi. Fairait, mai taurin 6 zuwa 6.5, ya fi ƙarfinta.

2.3 Nauyi. Abin nufi a nan shi ne sau nawa ma'adini ya ninka ruwan da ya kai girmansa. Tsantsar zinariya ta ninka shi sau 19.3, kwalli kimanin 7.5, fairait kimanin 5. Wannan ne dalilin da ya sa zinariya ke kwantawa a gindin kwano in masu wanki suna rairaya.

2.4 Yadda yake karɓar duka. In aka sa guduma, zinariya baje wa take yi, ba ta fashewa. Fairait yakan dagargaje. Kwalli kuwa yakan tsage daidai wa daida, ya zama 'yan guntaye masu kama da akwati.

3.0 Iyakar Wannan Hanya

Ya kamata mu lura cewa dukkan gwaje-gwajen nan suna bukatar gutsuren da ido zai gani, hannu ya riƙe. Da zarar an niƙa dutse, shaidar ta ɓace, amma dafin yana nan. A shekarar 2010 aka gano cewa dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsa kuma ta hallaka yara aƙalla 400.

4.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa da tangaran, da wuƙa, da guduma, ana iya rarrabe waɗannan ma'adinai uku tun a bakin rami. Shawararmu ita ce a koyar da masu haƙa waɗannan gwaje-gwaje da Hausa, su riƙa yin su kafin niƙa. Abin da ya shige wa ido duhu kuwa, a kai shi ɗakin gwaji, kada a kai shi tsakar gida.