KADA KI BAR KYANWARKI TA KWANA A WAJE

 A wannan fitowa mun ɗan jingine zancen soyayya da na girki, za mu leƙa ƙasar Yawuri, Ngaski da Shanga, can bakin tafkin Kainji, mu yi maganar wata baiwar Allah da kusan kowane gida ke da ita amma ba kowa ya san haƙƙinta ba. Kyanwa nake nufi, ko ki ce mage, ko mussa, duk ita ce.

Duk wadda ta taɓa zama a Yalwa ko Wara ta san kyanwa ma'aikaciya ce a gida. Ƙasar kifi ce da shinkafa da albasa, kuma inda duk aka tara bandar kifi da buhunan shinkafa, to ɓera ya sami gidan biki. Ɓarnarsa ba ta tsaya kan abinci ba. Akwai irin ɓeran da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, wadda ake ɗauka ta hanyar abincin da ya yi wa fitsari ko kashi. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kiwon kyanwa cikin hanyoyin korar ɓera daga gida. To amma dubi yadda muke saka mata. Da rana a jefa mata ƙayar kifi, da dare kowa ya ja ƙyaurensa ya bar ta a tsakar gida, wai ai kyanwa rai tara gare ta. Wallahi ranta ɗaya ne tak, kamar nawa da naki.

Kafin ki gane abin da ke jiran ta a waje, sai kin san yadda wurin yake. An gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwan Kwara ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 130, ya shanye tsohuwar Busa da gungu-gungu da ƙauyuka da dama, har sai da aka tayar da mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Ga ruwa, ga fadamu, ga ciyayi masu duhu a bakin gaɓa, ga kuma gandun daji na ƙasa da aka kafa a 1979 mai ɓangare biyu, Bargu da Zugurma, a maƙwabtaka. A ƙauyuka da yawa dangar kara ce kawai ta raba tsakar gida da daji.

Kada ki ji an ce gandun daji hankalinki ya tafi kan zaki da damisa. Waɗannan ba su da harka da kyanwar Yalwa. Kura ma ta yi ƙaranci yanzu, sai a labarin kakanni aka fi jin ta. Masu ɗauke mana kyanwa ba su da suna babba, kuma shiru suke zuwa.

Ta farko ita ce mesa. Ba ta da dafi, kamawa take ta nannaɗe ta matse har numfashi ya ɗauke, sannan ta haɗiye ɗungurungum. Babbarta takan haura mita 4. Tana son gefen ruwa, tana kwana a ramuka da tsofaffin suri, kuma da dare ta fi fita. Warin kaji da na ɓera ne ke jawo ta gidajen mutane, sai ta biyo ta rariya ko ta ƙasan danga ta nufi akurki. Wadda ke iya haɗiye ɗan akuya, ina kyanwa za ta gagare ta? Abin da ke cutar kyanwa a nan shi ne halinta na laɓewa wuri ɗaya tana jiran ɓera, ita kuma mesa haka take farauta, a irin wurin, a irin lokacin. Mafarauta biyu sun haɗu a lungu ɗaya, kin san wadda za ta kwana a cikin wata.

Sai macizai masu dafi: gamsheƙa mai tsartuwa a ido, da kasa, da kububuwa. Su ba cin kyanwa suke ba, tsokanarta ce ke jawo mata. Ba ta ganin abu yana jan ciki ta ƙyale, sai ta kai hannu. Sau da yawa tana yin nasara, shi ya sa ake yaba ta, amma rana ɗaya ta kuskure ta isa. A bakin gaɓa kuwa, inda ake gyaran kifi ana zubar da hanji, kyanwa kan bi ƙarni da almuru bayan mutane sun watse, nan ma ga kada ga guza. Guza ba ya tunkarar babbar kyanwa, sai dai 'ya'yanta.

Kai, 'ya'yan kyanwa su ne abin tausayi! Uwar takan yi kwana 63 zuwa 65 da ciki, ta haife su idonsu a rufe, ba ya buɗewa sai bayan mako ɗaya zuwa kwana 10, kuma ba su isa yaye ba sai sun yi kamar mako 8. Idan ba ki tanadar mata wuri ba za ta je ƙarƙashin rumbu ko cikin tarin kara ta haihu. Ranar da suka fara fitowa suna tangal-tangal a fili, shaho da shirwa na sama suna kallo, da dare kuma babbar mujiya ta karɓi aiki. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, to kyanwa ma haka. Wata ƙawata da muka yi makaranta tare, mutuniyar wani ƙauye kusa da Wara, kyanwarta ta haifi 4 a bayan rumbu. Kafin mako 3 saura 1. Har yau idan ta tuna yadda uwar ta kwana biyu tana zagaya rumbun tana kuka, nono ya cika mata, sai ta yi ƙwalla. Kada ki yi dariya, duk wadda ta taɓa rainon dabba ta san zafin.

Amma a ganina wanda ya fi duka haɗari ba daga daji yake fitowa ba. Kare ne. Karnukan farauta da na yawon bola suna yawo garke-garke da dare, kuma ko kyanwa ta kuɓuta ta haye katanga, cizo ɗaya ya isa ya sa mata ciwon haukan kare. A nan maganar ta tashi daga kan dabba ta dawo kan mutanen gida. Kyanwar da ta kamu za ta iya sa wa mutum ta cizo ko yakushi, kuma wa ke ɗaukarta yana goyawa da ɗankwali? Ƙanwarki ce 'yar shekara 5. An ƙiyasta cewa ciwon na kashe mutum wajen 59,000 duk shekara a duniya, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Saboda haka idan kyanwa ko kare ya ciji wani a gida, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen. Ita ma kyanwar ana yi mata allurar rigakafi tun tana wata 3; ki sa Yaya ko Baba ya tambaya a asibitin dabbobi mafi kusa.

To mene ne abin yi? Ba na ce ki ɗaure ta kamar tunkiyar layya ba. Lokacin haɗari sananne ne, daga magariba zuwa fitowar rana. Shi ne lokacin da ita kyanwar ta fi son yawo, shi ne kuma na mesa da mujiya da karnuka. Idan an kira sallar magariba ta shiga ɗaki, in hantsi ya yi a buɗe mata. Mai jego kuwa da 'ya'yanta su zauna ciki dare da rana har sai sun yi ƙwari. Ki ƙara sa ido lokacin cikar ruwa. Tafkin yana samun cika biyu: farin ruwa na ƙarshen damina, da baƙin ruwa wanda ke isowa cikin sanyi daga can ƙasar Gini da Mali. Idan ruwa ya hau fadama, ko ya yi ambaliya irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kabi, ɓera da maciji duk tudu suke nema, tudun kuwa gidanku ne. Haka ma lokacin da ake cinna wa daji wuta da hunturu.

Na san abin da za ki ji daga bakin Kaka da zarar kin rufe ƙofa: "Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah! Ba ki san mace ta shiga wuta saboda kulle kyanwa ba?" Kada ki yi mata musu, gaskiya ta faɗa, labarin yana cikin Buhari da Muslim. Sai dai ki zauna kusa da ita cikin ladabi ki ce, "Kaka, ai abin da ya halaka matar, ta tsare ta ne ba ci ba sha, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba, har ta mutu." Malamai sun ɗauko daga wannan hadisin cewa ya halatta a ajiye kyanwa matuƙar ana ciyar da ita. Wato ranar da kika ja ƙyaure kika rufe ta, cinta da shanta sun dawo wuyanki. Idan kin san ke mai mantuwa ce, ko za ki koma makarantar kwana, to ki damƙa amanar a hannun wata ƙanwa da kika yarda da ita, ki gaya wa Inna ta riƙa bincikawa.

Ɗakin da ya fi dacewa shi ne na ajiyar hatsi ko na bandar kifi, in dai an rufe kifin cikin kwando an rataye, domin ba a ba kura ajiyar nama. Kin ga ta tsira, kuma tana nan a kan aikinta na ɓera. Ki duba ƙasan ƙofa da taga da duk wata kafa, ki toshe. Asabari kaɗai ba ya hana maciji. Ki ajiye mata ruwa mai tsafta a kwano, da tsohon daro cike da yashi don bayan gida. Yashi dai ba a sayensa a bakin Kwara. Ba sai kin koya mata ba, da kanta za ta tona ta binne. A zubar a sauya kullum, a wanke hannu da sabulu. Mai juna biyu kada ta taɓa wannan aiki, domin kashin kyanwa kan ɗauki wata ƙwayar cuta mai illa ga ɗan da ke ciki. Amare a kiyaye.

Batun abinci, kyanwa maciyar nama ce, tuwo zalla ba ya riƙe ta. Ki dafa mata ɗan kifi, karfasa ko tarwaɗa ko warangi, ki cire manyan ƙayoyi ki cuɗa da shinkafa kaɗan. Abu biyu nake roƙonki. Kada ki ba ta abin da albasa ko tafarnuwa ta yi wa yawa, suna lalata mata jini. Na san faɗin haka a ƙasar albasa kamar wasa ne, amma gaskiya ce. Kuma ko da wasa kada ki ba ta farasitamol don kin ga ba ta da lafiya, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Shinkafar ɓera ma a daina zubawa inda take kwana, don idan ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma ta ci.

Dararen farko za ta yi ta kuka tana yakushin ƙofa, har Baba ya yi faɗa. Ki daure. Dabarar ita ce ki mayar da babban abincinta na magariba, a cikin ɗakin, kullum lokaci ɗaya, kina ƙwanƙwasa kwanon kina kiran ta. Ba a daɗewa za ki ga tun kafin ladan ya kira tana bakin ƙofa tana jira. Wahalar ta fi yawa idan tana neman muzuru, lokacin da take wannan kuka mai kama da na jariri wanda ke sa wasu su ce mayya ce. Ba maita ba ce, halitta ce, kwanaki kaɗan ne ya wuce, kuma a irin daren ne aka fi rasa su domin nisa suke yi.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ke wannan fama. A Amurka wani irin dila da ke shigowa har cikin birane ne ya sa mutane da yawa ba sa barin kyanwa waje. A Kanbera, babban birnin Ostireliya, doka ce ma: duk kyanwar da aka haifa daga 1 ga Yuli 2022 dole ta zauna cikin harabar gidan mai ita, ko da yake su tsuntsaye da ƙananan namun dajinsu suke karewa daga kyanwar.

Idan kuwa wata rana magariba ta yi ba ta dawo ba, ki tsaya daga tsakar gida ki buga kwanonta ki kira. Kada ki kuskura ki zari takalmin soso ki shiga ciyawa ko ki gangara bakin ruwa nemanta cikin duhu, kububuwa ba ta bambanta ƙafar budurwa da ta kyanwa. Ki bari gari ya waye, a fita da wani babba da sanda. In an same ta da rauni kada ki rungume ta da hannu, mai jin ciwo tana cizon ko uwar ɗakinta; a lulluɓe ta da tsohon zane a sa cikin kwali a kai wa likitan dabbobi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.