Ikon Doka a Kan Hanyar Boɗinga Zuwa Shagari

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari, ta zarce Tambuwal da Jega ta nufi Yawuri, hanya ce ta Gwamnatin Tarayya. Ko da yake cikin jihohi ta bi, Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe wa Tarayya gina irinta da gyaranta da tsara zirga-zirga a kanta. Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya ta 1971 kuwa ta danƙa kula da ita a hannun Ministan Ayyuka, muƙamin da Alhaji Shehu Shagari ya riƙe a 1965, tun ba a yi dokar ba.

Daga baya an rarraba aikin. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, watau FRSC. A 2002 kuma Majalisar Tarayya ta yi dokar da ta kafa FERMA, aka ɗora mata gyaran hanyoyin Tarayya. Abin lura shi ne, hukuma ba ta gadon iko sai iyakar abin da dokarta ta ambata. FERMA gyara aka ba ta. Idan ruwan damina ya haƙa ramuka tsakanin Boɗinga da Shagari, cike su nata ne. Amma idan hanyar ta mutu har sai an sake gininta, magana ta koma Ma'aikatar Ayyuka, mai ba da kwangila. Sakataren ƙaramar hukuma da ya aika kukansa ofishin da ba shi da hurumi, takardarsa za ta kwana a fayil, ramin kuwa yana ta cin motoci.

Haka nan miƙa aiki ba kullum yake raba tsohon mai shi da ikonsa ba. Kafa FRSC bai hana 'yan sanda kama mai tuƙin ganganci ba, domin ba a soke dokar da ta ba su wannan iko ba. Tarihin ita hukumar ma ya isa misali. A 1999 gwamnatin Obasanjo ta mayar da ita ƙarƙashin rundunar 'yan sanda, a 2003 aka sake raba su, sa'an nan a 2007 Majalisa ta yi mata sabuwar doka. Umarnin shugaba yana iya sauya wanda ma'aikaci zai yi wa biyayya, amma ikon tsayar da direba da cin tararsa daga doka kaɗai yake fitowa, kuma ita alƙali zai nema idan an kai ƙara.

Ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari suna da nasu rabo: tashar mota, da titunan cikin gari, da lasin keke da amalanke. Sai dai dokar haraji ta 1998 ta hana kowa, har da su, datse hanya domin karɓar haraji.