Haske: Raƙuman Ruwa Ne Ko Ƙwayoyi?

Akwai wata tambaya da kan sa mu malaman makaranta gumi a cikin aji, wato ranar da yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai shi haske mene ne?" Da yawanmu mukan ce yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, mu wuce. To, amma gudunsa muka faɗa, ba mu amsa wa yaron ba. Bari dai yau mu warware zare da abawa.

Gardamar tsohuwa ce. A 1690 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ce haske yana tafiya ne kamar raƙuman ruwa. A 1704 Isaac Newton na Ingila ya fitar da littafinsa, inda ya karkata ga cewa ƙwayoyi ne ƙanana. Saboda girman Newton aka bi ra'ayinsa kusan shekara ɗari.

A farkon ƙarni na 19 sai Thomas Young ya nuna cewa idan haske ya bi ta 'yan tsagogi biyu na kurkusa, yakan zana layi-layi a bango, haske da duhu bi da bi. Duk wanda ya taɓa jefa duwatsu biyu a kududdufi ya ga irin haka: inda tudu ya gamu da tudu ruwa ya ƙara tashi, inda tudu ya gamu da kwari sai ruwa ya kwanta. Ƙwayoyi ba sa kashe juna haka. Aka ce magana ta ƙare.

Ashe da sauran rina a kaba. An lura cewa jan haske, komai ƙarfinsa, ba ya fizgo ilektiron daga jikin wasu ƙarafa, amma hasken ultirabayolet, ko ɗan kaɗan ne, nan take yakan fizgo su. A 1905 Albert Einstein ya ce dalili shi ne haske yana zuwa ƙunshi-ƙunshi, abin da yanzu ake kira foton, kuma launi ne ke yanke ƙarfin kowane ƙunshi. Ku watsa wa mangwaro mudun gero, ba zai faɗo ba. Dutse ɗaya ya isa. Wannan aiki ne aka ambata a kyautar Nobel ta 1921 da aka ba shi.

To, wa ke da gaskiya? Kowannensu da rabonsa. Idan aka rage haske har foton ya riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya ta tsagogin nan, kowanne yakan sauka a ɗigo guda kamar ƙwaya, amma da ɗigogin suka taru sai layukan Young su bayyana. Idan kuwa aka gano tsagar da kowanne ya bi, layukan sai su ɓace. A 1924 Louis de Broglie na Faransa ya ce ilektiron ma haka yake, aka tabbatar a 1927.

Kada iyaye su ɗauka wannan zancen 'yan boko ne kawai. Faifan sola da ke kan rufin gidajenmu da kyamarar wayar hannu duk da foton suke aiki. Yaron da aka kashe wa bakin tambaya a aji, mai sayen kayan zai zama har abada, ba mai ƙera su ba. Saboda haka in ya sake tambaya, mu kai shi bakin kududdufi da duwatsu biyu, mu fara daga nan.