Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Aikatau "blasen" na Jamusanci

A Jamusanci, blasen na nufin fitar da iska da ƙarfi. Da shi ake cewa mutum ya hura miya don ta huce, ko ya busa ƙaho, ko kuma iskar hunturu na kaɗawa. Ana furta shi "blazen", domin harafin s a tsakanin wasula biyu yana komawa z.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. A Tsohon Jamusanci, wanda aka yi amfani da shi daga wajen shekarar 750 zuwa 1050, ana rubuta ta blasan. Tana da dangi a harsunan maƙwabta: Holanci na da blazen, harshen Suwidin kuma blåsa.

Tsufan nan ne ya sa nahawunta ke buƙatar kulawa. Masanin harshe Jacob Grimm ya kira irin waɗannan aikatau "masu ƙarfi", saboda wasalin cikinsu suke sauyawa don nuna lokaci, ba sa jiran ɗafa-ƙeya. A lokaci mai ci ana cewa ich blase, amma du bläst da er bläst, inda a ta samu ɗigo biyu aka furta ta kusa da e. A shuɗaɗɗen lokaci sai ta zama blies, da dogon i. Idan aikin ya kammala kuwa, er hat geblasen. Haka schlafen, wato barci, yake tafiya: schläft, schlief, geschlafen. Wanda ya riƙe ɗaya ya sauƙaƙa wa kansa ɗayan.

Ɗafa-goshi ma yana sauya ma'ana, kuma yakan rabu ya koma ƙarshen jimla. Ausblasen shi ne kashe wuta da hurawa: Sie bläst die Kerze aus, tana hure kyandir. Abblasen a yau yana nufin soke taro ko shiri, asalinsa daga ƙahon da ake busawa don tsayar da farauta.

Daga blasen aka samu Blasebalg, zugazugin maƙeri, da Glasbläser, kamar masu sana'ar garin Lauscha da ke narka gilashi a bakin wuta su hura shi ya kumbura.

Don haka mai koyo ya haddace siffofin tare: blasen, bläst, blies, geblasen. Idan ya yi haka, sauran kalmomin da suka fito daga wannan tushe ba za su ba shi wahala ba.