Hannun ƙarfe da ke jin abu na shirin suɓuce masa

Jama'a masu saurare, ku gwada wannan a gida. Ku ɗauki kofin shayi, ku sassauta yatsu sannu-sannu. Kafin kofin ya faɗi, za ku ji yatsun sun ƙara matsewa da kansu, ba da shawararku ba. To, wannan ɗan abin da muka raina, shi ne ya daɗe yana wahalar da masu ƙera mutum-mutumi.

Mutum-mutumi na da ido na kyamara, amma ido ba ya sanin santsin abu. In ya matse da ƙarfi ya fasa ƙwai, in ya sassauta ƙwan ya faɗi ƙasa.

A 1984, masana biyu na jami'ar Umeya a ƙasar Suwidin, Roland Johansson da Göran Westling, suka bayyana yadda hannun ɗan Adam ke yi. A fatar yatsa akwai jijiyoyi masu jin ƴar girgizar da abu ke yi in ya soma zamewa, sai hannu ya gyara riƙo cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Da aka kashe jin yatsun mutane da allura, sai riƙon ya rikice, ga ƙarfi amma ba gwaninta.

Daga nan injiniyoyi suka ɗauki darasi. A jami'ar MIT ta Amurka an ƙera GelSight, yatsa na roba mai laushi da ƙaramar kyamara a ciki. An yi wa robar ɗige-ɗige. In abu zai zame, gefen wurin da aka riƙe ne ke fara motsi, tsakiya na nan manne. Da kyamara ta ga ɗigon gefe sun gusa, sai na'ura ta ƙara matsi tun abin bai kuɓce ba. Wani yatsan kuma, BioTac, cike yake da ruwa, fatarsa na da zane irin na yatsunmu, yana jin girgizar zamewa.

Ina amfanin? A 2025 kamfanin Amazon ya nuna Vulcan, mutum-mutumi mai jin taɓi da ke jera kaya a rumbunansa. Amma wanda ya fi taɓa zuciya shi ne na waɗanda suka rasa hannu. Kamfanin Ottobock na Jamus na da hannun roba mai na'ura a babban yatsa: da kofi ya soma zamewa, hannun ke ƙara riƙo da kansa. Mai shi ba sai ya zura wa kofin ido ba.

Tsadar irin wannan hannu ta fi ƙarfin talaka, gaskiya ke nan. Amma gobe in kuna jan guga a rijiya, igiya ta jiƙe tana santsi, ku lura da abin da yatsunku ke yi. Shi masana ke ta ƙoƙarin koya wa ƙarfe.